Wa Zai Biya Kuɗin Ƙarin Awo A Cinikin Gida?

 Ya 'yan'uwa, mas'alar da za mu tattauna a yau ƙarama ce a ido, amma tana ɓata zumunci a nan ƙasar Karaye da Rogo. Mutum ya taya gida, an sallama masa, ya ba da kafin alƙalami. Bayan kwana biyu zuciyarsa ta raya masa cewa kangon baya bai kai yadda dillali ya faɗa ba, ko ya hangi tsaga a bangon zaure. Sai ya ɗauko ma'aikacin safiyo daga Kano, ko ya kira magini ya duba. Aiki ya ƙare, aka tsaya cirko-cirko, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne zai biya.

A da, iyaka ita ce aduwa ko cediya ko shaidar mai unguwa da dattawa. Amma tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, takarda ta shigo cikin lamarin: Gwamna ke ba da shaidar mallaka a wuraren da aka ayyana birni ne, ƙaramar hukuma kuma tana iya bayarwa a karkara. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta ƙara wa ƙasar da ke kusa da ruwa daraja. Ga kuma filayen awon igiya, waɗanda igiyarsu kan miƙe ko ta tsuke gwargwadon tsoron Allah na mai riƙe da ita.

Malaman fiƙihu sun riga mu magana. A mazhabar Imamu Malik, duk abin da aka sayar a kan awo, ladan mai awo yana wuyan mai sayarwa, domin shi ne aka ɗora wa cika haƙƙi, kuma cikawa ba ta tabbata sai da awo. Haka yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil. Alƙurɗubi ya kawo cewa an kafa hujja a kan haka da aya ta 88 cikin Suratu Yusuf, inda 'yan'uwan Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, suka roƙe shi ya cika musu mudu, alhali shi ne mai sayar da hatsin. Saboda haka, wanda ya ce ya sayar maka da fili ƙafa 50 da 100, shi zai biya awon da zai tabbatar da maganarsa. Kada ya ce ai kai ne mai shakka.

Amma fa a lura, yawancin cinikin gidajenmu ba a kan ƙafa ake yinsa ba. Ana zagayawa da kai ne, ka ga ɗakuna, ka ga rijiya, ka ga katanga, ka ce ka saya. A irin wannan babu awon da kake bin mai gida. In daga baya ka so ƙarin natsuwa, ko banki ya nemi taswira, ko za ka nemi takardar mallaka da sunanka, to amfanin naka ne, kuɗin ma naka ne. Ko Majallar da Daular Usmaniyya ta kammala a 1876 bisa fiƙihun Hanafiyya, haka ta raba: kuɗin awo da miƙa kaya a kan mai sayarwa, kuɗin rubuta takardun ciniki a kan mai saye.

Saura wuri mai wuya. Ka biya magini ya duba, sai ya tarar gara ta cinye azara an shafe da siminti, ko safiyo ya nuna indararon gidan yana zuba a filin maƙwabci, kuma mai gida ya sani ya yi shiru. Nan kana da zaɓin mayar da gidan ka karɓi kuɗinka in aibin babba ne, in ƙarami ne a rage maka gwargwadonsa. Game da kuɗin dubawar kuwa, abin da muke gani shi ne wanda ya ɓoye aibi shi ya jawo ɗawainiyar, bai kamata a bar ta a kan wanda aka yaudara ba. In suka kasa daidaitawa, alƙali ne zai yanke.

Duk wannan yana aiki ne in babu sharaɗi kuma babu sananniyar al'ada. In an yi sharaɗi a raba kuɗin biyu, ya halatta. Don haka kafin a karɓi kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa: a kan awo aka sayar ko a kan gani, wa zai biya safiyo, da abin da za a yi in awo ya gaza. Dillalai kuma, ku da kuke karɓar la'ada, ku ya kamata ku fara tayar da wannan magana. In gidan gado ne, a tabbata dukkan magada, har da mata, sun san da awon kuma an cire kuɗinsa da yardarsu.