LAFIYA UWAR JIKI: JAWABI KAN MOTSA JIKI DA KULA DA KAI GA HAUSAWA MAZAUNA ABUJA





Abin da ya tara mu yau ba maganar fili ba ce, ba kuma ta rumfar kasuwa ba. Maganar jikinmu ce. Duk wanda ya daɗe cikin ƙungiya irin tamu ya san cewa gudummawar da ake yawan tarawa yanzu ta majinyata ce: wane ya yanke jiki ya faɗi a shago, wance ƙafarta ta ƙi warkewa saboda suga, wane ana yi masa wankin ƙoda. Mu da muke zaune nesa da gida, ciwon mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. Ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga iyaye can a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi suna jiran aike. Ranar da maigida ya kwanta, gida biyu ne suka kwanta.

To, me ya kawo haka? Mu duba yadda zamanmu ya sauya. A garuruwan da muka fito, ba wanda ke cewa zai motsa jiki, domin rayuwar kanta motsi ce. Namiji ya yi sammako zuwa gona da ƙafa, ya yi huɗa, ya yi noma, ya ci kasuwar ƙauye a kan keke. Mace ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya. Yara su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali. Tun da aka kafa wannan yanki a 1976, aka kuma dawo da gwamnati nan daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991, mun shigo garin da aka tsara domin mota. Mafi yawanmu muna kwana a Nyanya, Karu, Mararaba, Kubwa, Gwagwa, Karmo, Lugbe ko Mpape, mu fito tun duku-duku mu zauna cikin mota, cunkoso ya riƙe mu. Mu isa kasuwar Wuse ko Utako ko Dei-Dei mu zauna a benci har magariba, sannan mu sake zama cikin mota mu koma. A 2006 an hana acaɓa shiga tsakiyar birni, amma a unguwanninmu har gobe sai ka ga mutum ya tare babur domin tafiyar da ba ta kai minti 10 a ƙafa ba. Ruwa mai ruwa ke turowa, niƙa inji ke yi. Duk wannan sauƙi ne, mun gode Allah. Sai dai aikin da jiki ya saba yi an karɓe masa, abinci kuwa ba a rage ba, ƙaruwa ma ya yi.

Kada a ce zama ba ya kisa. Tun a 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma aka tarar direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma idan ya kama su ya fi tsanani. 'Yan uwanmu na tashar Jabi da Zuba, wannan magana taku ce, haka ma teloli da 'yan canji da ma'aikatan ofis.

Dalilin kuwa a fili yake. Naman jiki shi ke ƙona sukarin da ke cikin jini. Idan ba ya aiki, sukari ya taru, kitse ya taru a ciki, hanyoyin jini su yi tauri, zuciya ta riƙa turo jini da ƙarfin tsiya. Wannan shi ne hawan jini. Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Mutum yana cin abincinsa, yana raha, alhali ciwon yana ɓarna a zuciya da ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa cikin manya 3, mutum 1 yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ku dubi layin da kuke zaune, ku yi lissafi da kanku.

Yanzu mene ne abin yi? Na farko, tafiya. Shawarar da hukumar ta bayar a 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5, shi ne mafi ƙaranci. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka ji numfashinka ya ɗan ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Ba sai an haɗa shi lokaci ɗaya ba. Minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma, duk lissafi ne. Ka sauka a tashar da ke gaban taka ka ƙarasa da ƙafa. Ka hau gadar masu tafiya a ƙasa maimakon tsallaka titi a guje, ka ga ka tsira daga mota, ka kuma motsa gwiwa. Ka taka zuwa masallaci. Mai shago ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, ya ɗauko wa mai saye kaya da kansa, ba komai ne za a ce yaro ya miƙo ba. Direba idan yana jiran layi, ya zagaya tasha maimakon kishingiɗa a kujerar mota. Masu waya mai ƙirga taku, kada adadin nan na 10,000 ya karya muku gwiwa, asalinsa tallan wata na'ura ce a Japan cikin shekarun 1960. Bincike na baya-bayan nan ya nuna taku 7,000 a rana ma amfaninsa babba ne.

Wuraren yi kuwa ba mu rasa ba. Ga bakin tafkin Jabi inda jama'a ke cika da safiyar Asabar. Ga lambun Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003. Ga harabar babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Wanda waɗannan suka yi wa nisa, filin makarantar firamare ta unguwa ya wadatar. A zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da rana ke ƙuna, a kuma sha ruwa. Da hunturu mai ciwon asma ya rufe hanci saboda ƙura. A bakin titi a riƙa fuskantar motoci masu zuwa, kuma a tafi biyu-biyu ko fiye.

Ban da tafiya, ana son aikin ƙarfi sau 2 a mako: tashi da zama a kujera sau 10 ba tare da dafa komai ba, tura bango da hannu biyu, ɗaga jarkar ruwa daidai ƙarfi. Dattawa su ƙara da tsayuwa a ƙafa ɗaya suna dafe da bango, domin faɗuwa a makewayi ta kwantar da tsofaffi da yawa. Yara kuwa awa 1 suke buƙata kullum suna guje-guje. A karɓe wayar a ba su ƙwallo da igiyar tsalle. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyayenmu mata, mun san halin da ake ciki. Ɗaki da falo ne, tsakar gida ta haya ce, fita kuma ba kullum ba. Amma shara da wanki da hannu da daka yaji a turmi duk motsi ne, kada a sakar wa yara su duka. Ana iya taka rawa a ɗaki, ana iya zagaya tsakar gida bayan cin abinci. Magidanta, mu ba su dama su haɗu da maƙwabta su taka tare. Mai juna biyu ma tafiya tana yi mata amfani, sai fa idan likita ya hana. Muna kuma jan kunne a kan ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a ɓoye. Wasunsu suna kumbura jiki ne kawai, su bar mace da hawan jini da suga.

Na biyu, abinci. Gishirin da baligi ke buƙata bai kai giram 5 a rana ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da na cikin miya da burodi da yajin tsire. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. To a tukunya ɗaya a zuba gishiri, a jefa dunƙule 5, a kawo kanwa, ina jini ba zai hau ba? A rage sannu a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. A koma wa daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Sukari kuma kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a wuni, ƙasa da haka ya fi. Kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar cokali 8 zuwa 9. Ka ƙara da kofin mai shayi da zoɓo da kunun zaƙi, ka ga an zarce tun kafin azahar. Harajin Naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon zaƙi ba zai tsare kowa ba, sai wanda ya tsare kansa.

Abincinmu na gado ba abin rainawa ba ne. Gero, dawa, acca, wake, zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, kabewa, duk suna nan a kasuwanninmu. A raba faranti: rabi ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama. Kayan marmari ga su jibge a kasuwar Zuba, kowane da lokacinsa. Tsire da balangu a ci jefi-jefi, a bar kitsen. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi a zubar.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka samu zare daidai tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi saitin cibiya. Idan bai haɗe ba, tumbi ya yi yawa. Mun saba cewa tumbi alamar hutu ce, amma a wurin likita gargaɗi ne. A Amurka, binciken da aka fitar a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da suga waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka riƙe tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wannan ya fi abin da ƙwayar magani ta yi a cikin binciken.

Na uku, halaye. Barci awa 7 ake so. Hirar majalisa da latsa waya har tsakar dare ga mai tashi ƙarfe 4 ya kama hanya, zaluntar jiki ne. Sigari da shisha babu kaɗan ɗinsu mai kyau, kuma hayaƙin yana cutar matar gida da yara. Goro a rage, musamman da dare. Ƙwayoyin ciwon jiki da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum ba tare da likita ba suna lalata ƙoda da ciki. Damuwa ma ciwo ce, a riƙa ziyara, a riƙa faɗa wa ɗan uwa abin da ke ci.

Na huɗu, awo. Awon jini ba ya cin minti 5. Idan an auna an sake aunawa a ranaku dabam-dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne. A 2020 Jami'ar Abuja ta fara jagorantar wani shiri na kula da masu hawan jini a ƙananan asibitoci 60 cikin wannan yanki, saboda haka a fara tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, sauƙin na maganin ne. Zoɓo da tafarnuwa ba sa maye gurbinsa. Mai suga ya ga likita kafin azumi ya kama, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. Mai ciwon zuciya ko wanda jininsa ya hau sosai ya nemi shawara kafin ya fara motsi mai ƙarfi, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana tafiya, ya tsaya nan take. Idan kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a ɗura masa komai a baki, kada a tsaya jiran gobe. A yi addu'a ana tafe, a nufi babban asibiti mafi kusa, ko na Kubwa, ko na Nyanya, ko Asibitin Ƙasa, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara guda uku. Kowane reshe ya sayi na'urar awon jini daga asusunsa, a nemi ma'aikatan lafiya na cikinmu su riƙa auna jama'a a taron wata. Kowace unguwa ta sa ranar tafiya, maza da nasu ayari, mata da nasu. Sannan a tarukanmu da bukukuwanmu a sa ruwa da 'ya'yan itace a gaba, lemon kwalba ya koma baya. Kuɗin na'ura guda bai kai abin da muke tarawa na jinyar mutum ɗaya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.

Wanda bai saba ba ya fara da minti 10 gobe da safe, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Sannu ba ta hana zuwa. Neman halal ya kawo mu garin nan, kuma ba a yin sa sai da lafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu da sauran maƙwabta, ya mai da kowa gidansa lafiya.