Saurin Fushi da Ɓarnar da Yake Yi a Cikin Gida

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu a yau ta shafi wata cuta da take cin gidajenmu a ɓoye, watau saurin fushi.

Mu mazauna ƙetaren kogin Kaduna mun san inda wannan cuta ta samu ƙarfi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Dubban magidanta a Kakuri da Makera da Nasarawa suka wayi gari ba albashi. Kafin nan rikicin Fabrairun 2000 ya raba mutane da gidajensu da maƙwabtansu. Wanda ya yini yana haɗiye baƙin ciki a waje, sau da yawa a kan wanda ba zai iya ramawa ba yake sauke shi, watau mata da yara. Talauci jarrabawa ce, amma matarka ba ita ta rufe masaƙa ba.

Ɓarnar tana zuwa a hankali. Yaron da ake yi wa tsawa kullum yakan koyi ƙarya don ya tsira, daga baya ya gwammace zaman bakin titi da zaman gida. Matar da take tsoron sallamar mijinta takan ɓoye masa rashin lafiyarta da bashin da ta ci. Mafi muni shi ne saki. Ibnul Ƙayyim ya kasa fushi gida uku: wanda mutum yake sane da abin da yake faɗa, wannan sakinsa ya auku, wanda ya gusar da hankali ɗungurungum, wannan bai auku ba, sai na tsakiya, wanda malamai suka yi saɓani a kai. Saboda haka kada wani ya saki harshensa da dare yana dogaro da cewa malami zai nemo masa mafita da safe.

To, mene ne magani? Imamu Bukhari ya ruwaito cewa wani mutum ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah (S.A.W.), sai ya yi ta maimaita masa hani ga fushi. Aya ta 134 a Suratu Ali Imrana kuma ta lissafa masu haɗiye fushi cikin masu taƙawa. Sunna ta koya mana matakai.

Na farko, neman tsarin Allah daga Shaiɗan tun fushin yana ɗan ƙarami. Na biyu, yin shiru. Na uku, canja hali: mai tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Hikimar a fili take, domin fushi yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, jiki kuwa yana bukatar lokaci kafin ya lafa. Na huɗu, jinkirta hukunci. An hana alƙali yanke shari'a yana cikin fushi. Maigida ya fi cancanta ya kiyaye wannan a kan iyalinsa. Na biyar, in an yi kuskure a nemi afuwa, ko da wurin ɗan cikinka ne.

Sannan mu bincika sababi. Yunwa, ƙarancin barci, zafin watan Maris da Afrilu, ciwon suga, da shan ƙwayoyi irin su tiramadol, duk suna ƙuntata zuciya. Wanda fushinsa ya zo tare da rashin barci na makonni, da ƙin cin abinci, da yanke ƙauna, kada ya tsaya cewa jifa aka yi masa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana nan Barnawa, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Iyayenmu mata, wannan magana ta haɗa da ku: zagin yaro da tsine masa cikin fushi abu ne da shari'a ta hana. Matar da ake duka kuwa, kada a rufe mata baki da sunan haƙuri. Wajibi ne waliyyanta da limamin unguwa su shiga tsakani, in ta kama a kai ga kotu.

Allah Ya sanyaya zukatanmu, Ya gyara tsakaninmu da iyalanmu, Ya yalwata mana arziki na halal.