Jawabi a Kan Baba da Karofi

Yau zancenmu na rini ne, sana'ar da ta ɗaukaka sunan ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991.

Wanda ya taɓa tsayawa a karofi ya san abin mamakin da ke wurin. Marini yakan zuba ruwa da toka da katsi da baba cikin ramin rini, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa da muciya. Wari kuwa, sai mai haƙuri! Sa'an nan ya tsoma farin ƙyalle. In ya tsamo shi, ba shuɗi za ku gani ba, sai tsanwa-tsanwa. Iska ce ke bugunsa ya rikiɗa a gaban idonku. A tsoma, a tsamo, a sake tsomawa, har ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, inda ake bugunsa da shuni har ya yi ƙyalli. Haka ake yin rawani ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye da tsada. Ko ya zuba a fatarsu ba su damu ba, gama ado ne a wurinsu.

Wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinmu suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Amma kada ku zaci mu kaɗai muka san baba. Yarbawan Abeokuta suna rina adire, mutanen Japan suna da nasu, Indiya kuwa ta daɗe tana cika jiragen ruwa da shuni zuwa Turai.

To, a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba gona, ba jiran damina. Cinikin Indiya ya karye. Sannu a hankali abin ya iso mu, tare da yadin kanti mai araha. A Ƙofar Mata ta Kano har yanzu ana rini, amma ramuka da yawa sun bushe.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, in akwai tsohon marini a unguwarku, ku ɗauki fensir ku je gare shi. Ku tambaye shi toka nawa, baba nawa, kwana nawa, da yadda yake duban kumfa ya gane rami ya nuna. Ku rubuta kamar yadda ya faɗa, kada ku gyara masa.