Ɗanɗanon Gem: Abin da Mai Ƙirƙira Zai Fara Miƙa wa Jama'a



Maganata yau a kan matashi ce, ko ƙungiyar mutum biyu zuwa uku, da ba su da kamfani ba su da jari, amma suna haɗa gem, wato wasan bidiyo, a kwamfutarsu. Kafin su gama aikin dole su saki guntu kyauta don mutane su buga, wato ɗanɗano, wanda masu sana'ar ke kira demo. Mai tsire yanka ɗaya yake miƙa maka ka ɗanɗana, amma gasasshe ne, da yajinsa. Ba ya ba ka ɗanye ya ce ka yi haƙuri, sauran zai fi daɗi. Haka nake son ku ɗauki wannan guntun: ƙarami, amma kammalalle.

A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka, id Software, ya saki gem ɗin Doom. Kashi uku ne, suka ba da na farko kyauta, suka bar kowa ya kwafa wa abokinsa, wanda ya ji daɗi ya biya kuɗin sauran. A 2013 kuma wani matashi, Toby Fox, ya saki ɗanɗanon Undertale, sannan ya nemi gudummawar dala 5,000 a shafin tara kuɗi na Kickstarter. Ya samu sama da dala 50,000, gem ɗin ya fito a 2015. Mutanen da suka ba shi kuɗinsu sun riga sun samu damar buga abin da hannunsu, su ga yadda yake.

To me za a saka a ciki? Bari mu ɗauki misali daga gida. A ce kana haɗa gem na dambe. Zuciya za ta raya maka ka nuna 'yan dambe ashirin, da garuruwa goma, da dogon labari. Kada ka biye mata. 'Yan dambe biyu sun isa, fili ɗaya, turmi uku. Sai ka zauna a kan naushi guda har ya nuna. In babban yatsa ya taɓa gilashin waya, hannun da aka naɗe ya fita nan take, ba jinkiri ko na ƙiftawar ido. In naushin ya sauka a ji ƙararsa, hoton ya ɗan girgiza, ƙura ta tashi. In aka yi kisa, kalangu ya canja kiɗa, 'yan kallo su ɗauki ihu. Mai buga gem zai maimaita wannan naushin sau ɗaruruwa, saboda haka in bai yi masa daɗi a karo na farko ba, garuruwa goman nan ba za su riƙe shi ba. Ni a ganina, makonnin da ka ƙarar kana gyaran wannan abu ɗaya su ne mafi albarka a duk aikin.

Sannan kada ka tare mutum da karatu a bakin ƙofa. Masu nazarin wannan fanni suna yawan komawa ga matakin farko na Super Mario Bros., wanda Nintendo ta fitar a 1985 ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Babu rubutun umarni ko layi ɗaya. An ajiye Mario a hagu, fili a buɗe a dama, sai ga abokin gaba ɗaya yana tahowa a hankali, dole ka koyi tsalle. A namu gem ɗin, abokin karawar farko ya zama mai nauyin jiki, mai ɗaga hannu a fili kafin ya kai duka, yadda mai bugawa zai gane amfanin garkuwa da kansa. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, domin cikin masu buga gem a nan akwai yaran da ba su fara karatu ba, akwai kuma manyan da ajami suka fi sani.

Yanzu ga inda na fi son ku saurare ni. Kwamfutar da ka haɗa gem a kanta ba ita ce alƙali ba. Alƙalin shi ne wayar itel ko Tecno ko Infinix da ke aljihun ƙaninka, wadda ma'adanarta ta cika da hotuna, gilashinta ya tsage, cajinta ya kusa ƙarewa. Ka gwada a kan irinta tun makon farko. Ka rage nauyin fayil iya ƙoƙarinka, don mutum yana lissafin data kafin ya sauke komai. Gem ɗin ya yi aiki ko babu intanet, ya kuma turu ta Xender daga waya zuwa waya, don ta nan abubuwa suka fi yawo a tsakaninmu. In za ka yi rubutu da Hausa, duba cewa salon haruffan da ka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma, kuma mai karatu na ganin haka zai san ba a kula da shi ba. Kayan aikin dai ba su ne matsala ba: manhajar haɗa gem ta Godot kyauta ce gaba ɗaya.

Gwaji kuwa yana bukatar juriya. Abokanka za su yaba don suna ƙaunarka. Je ka rumfar mai cajin waya, ko ka shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka miƙa wayar ga wanda bai san ka ba, ka ja bakinka ka yi shiru. Kalli yatsansa da fuskarsa. Inda ya danna abin da ba maɓalli ba, rubuta. Inda ya ɗago kai ya ce, "Malam, yanzu me zan yi?", nan aikinka ya gaza, kuma kada ka amsa masa, ka koma ka gyara. In an gama turmi uku ya ce a ƙara masa, ka kama hanya.

Ɗanɗanon ya tsaya tun yana da daɗi, minti goma zuwa ashirin sun wadatar. Shafin ƙarshe ya nuna inuwar ɗan damben da ke tafe, da hanya ɗaya tak ta bibiyar aikin.

Ina za a kai shi? Shafin itch.io ba ya karɓar kuɗin ɗorawa. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, kuma yana bukatar sabon asusu na mutum ɗaya ya yi gwaji na kwana 14 da wasu mutane kafin a buɗe wa jama'a. Steam na karɓar dala 100 a kan kowane gem, yana kuma shirya bikin ɗanɗano, Steam Next Fest, a Fabrairu da Yuni da Oktoba. Sau ɗaya kowane gem ke shiga, don haka kada a yi gaggawa.

A Afirka ma an yi nisa. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, Leti Arts na aiki daga Gana. Cikin wasannin Maliyo har akwai mai suna Aboki Run. Ina jin wannan a raina: wasu sun ga kasuwa a cikin rayuwar ɗan Arewa, alhali mu ne muka san dara da langa da kokawa daga ciki. Roƙona ga malamai shi ne su amince ɗalibi ya gabatar da ɗanɗano mai aiki a matsayin aikinsa na kammala karatu, a kuma duba shi a kan ƙaramar waya, a hannun wanda bai taɓa ganinsa ba.