Horar da Ido Don Ƙwarewa a Fagen Wasanni

Gabatarwa

A ƙa'idar wasan ƙwallon ƙafa, idan alƙali ya ba da fenariti, watau bugun daga kai sai mai tsaron gida, ana ajiye ƙwallo ne a nisan mita 11 daga layin raga. Faɗin ragar mita 7.32 ne, tsayinta kuwa mita 2.44. Idan gwanin ɗan wasa ya buga da ƙarfi, cikin kimanin rabin sakan ƙwallon yakan isa raga. Shi kuwa ɗan Adam, tsakanin lokacin da idonsa ya ga abu da lokacin da jikinsa ya fara motsi saboda abin, akan sami kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ban da lokacin da zai ɗauka wajen yin tsalle ya kai kusurwa. Ke nan mai tsaron gidan da ya tsaya jiran ya ga inda ƙwallo ya nufa ya riga ya makara. Amma duk da haka akwai waɗanda suka yi suna wajen tare irin wannan bugu. Mene ne suke gani wanda sauran ba su gani, kuma za a iya koya wa wani ganinsa?

Tambayar ta shafi ɗaliban da ke karatun motsa jiki. Ta kuma shafi ma'aikatan da aka danƙa wa kuɗin wasanni, domin akwai na'urori masu tsada a kasuwa da ake cewa suna ƙara wa ido ƙarfi, kuma wajibi ne mai sayen su da dukiyar jama'a ya san abin da bincike ya nuna game da su.

Yadda ido yake aiki

Mutum yakan zaci duk abin da ke gabansa yana ganinsa sarai a lokaci guda, alhali kuwa ba haka ba ne. A tsakiyar tantanin da ke bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan gurbi, kuma shi kaɗai ne ke gani tangaran. Faɗin abin da yake ɗauka bai wuce na farcen babban yatsa ba, idan mutum ya miƙa hannunsa gaba ya dube shi. Sauran filin, wanda Hausawa ke kira wutsiyar ido, yana gani ne dishi-dishi, sai dai yana da saurin lura da motsi.

Saboda haka ne ido ba ya zama wuri ɗaya. Tsokoki shida ne ke juya kowane ido, kuma sukan sa shi tsalle daga wannan wuri zuwa wancan kamar sau uku a cikin sakan. A yayin tsallen nan gani yakan dushe, ko da yake mutum ba ya ankara. Haka kuma ido yana iya bin abu mai tafiya a hankali, amma idan gudun abin ya yi yawa sai ya kuɓuce masa. Wannan ya nuna cewa gani abu ne mai iyaka, kamar guzuri, kuma ɗan wasa ba shi da isasshensa da zai watsa ko'ina. Tilas ne ya zaɓi inda zai kashe shi.

Ƙarfin ido da sanin inda za a duba

Ba a musun cewa lafiyar ido tana da muhimmanci. A shekarar 1996 likita Daniel Laby da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa 'yan wasan besbol na ƙungiyar Los Angeles Dodgers a Amurka, inda suka tarar yawancinsu sun fi sauran mutane kaifin gani. Besbol wasa ne da ake jefo wa mutum ƙaramin ƙwallo da matsanancin gudu, shi kuma ya maka shi da sanda. Amma a shekarar 2004 wani abu ya faru da ya nuna iyakar kaifin ganin. Wata 'yar wasa mai suna Jennie Finch, gwanar sofbol, wasan da ya yi kama da besbol amma ana jefa ƙwallonsa daga ƙasa-ƙasa, ta fuskanci manyan gwanayen besbol, cikinsu har da Albert Pujols. Ƙwallonta ya fi nasu girma, kuma bai kai nasu gudu ba, ko da yake daga kusa take jefowa. Duk da haka suka kasa maka shi. Idanunsu ba su canza ba a ran nan. Abin da ya canza shi ne jikin mai jifa, domin sun shekara da shekaru suna karanta kafaɗa da hannun mai jefowa daga sama, sai ga su gaban motsin da ba su taɓa koyon karantawa ba.

Masana sun tabbatar da wannan ta hanyar gwaji. A shekarar 1987 Bruce Abernethy na ƙasar Ostireliya da abokin aikinsa suka nuna wa 'yan wasan badminton fim ɗin abokin hamayya yana shirin bugu, sa'an nan suka riƙa yanke fim ɗin kafin ya taɓa ƙwallo, suna tambayar inda zai sauka. Gwanaye suka fi sababbin shiga dacewa, domin su suna ɗaukar labari daga motsin hannu tun kafin bugu. A shekarar 2000 kuma Michael Land da Peter McLeod a Ingila suka auna motsin idon 'yan wasan kurket. Suka ga mai riƙe da sanda ba ya bin ƙwallo da ido daga farko har ƙarshe. Yakan dube shi lokacin da ya bar hannun mai jifa, sa'an nan idonsa ya riga ƙwallon zuwa inda zai daki ƙasa, ya jira shi a can. Wanda ya fi gwaninta a cikinsu shi ne idonsa ya fi saurin yin wannan tsalle.

A nan ne amsar tambayar farko take. A shekarar 2002 Geert Savelsbergh da abokan aikinsa suka gano cewa ƙwararrun masu tsaron gida ba su yawan warwatsa ido. Sukan dubi wurare kaɗan, su daɗe a kan kowane, musamman kan mai bugu da ƙafafunsa da ƙwallon kansa. Ƙafar da mai bugu ya dasa a gefen ƙwallo sau da yawa takan nuna ɓangaren da zai aika shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kimar nan kuwa daga yawan gani da gogewa take samuwa, kuma mazauninta ƙwaƙwalwa ce.

Horon da aka ga amfaninsa

Na farko shi ne abin da za a iya kira natsuwar ido. Farfesa Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta bayyana shi a shekarar 1996, bayan ta auna idon 'yan ƙwallon kwando masu jifa daga layin fanko. Ta ga gwanaye sukan kafa ido a wuri guda a bakin kwandon tun da wuri, su daɗe a kai kafin hannu ya fara jifa, waɗanda ba su kai su ba kuwa idonsu yakan yi ta yawo. A shekarar 2001 aka buga sakamakon koyar da wannan ɗabi'a ga ƙungiyar mata ta jami'a, kuma jifarsu ta inganta. Daga baya masana na Jami'ar Exeter a Ingila, a shekarar 2009, suka nuna cewa idan fargaba ta kama mai bugun fenariti yakan tsura wa mai tsaron gida ido, ƙwallon kuma ya bi idon ya nufi kusa da shi. Maganin abin shi ne a koya masa zaɓen gurbi a raga, ya dube shi da natsuwa, sa'an nan ya maido ido kan ƙwallo.

Na biyu shi ne waiwaye kafin karɓar ƙwallo. Geir Jordet, masani a Norwe, ya daɗe yana ƙidaya yadda manyan 'yan wasan tsakiya ke juya kai su dubi fili a 'yan sakan ɗin da ke gabanin ƙwallo ya iso gare su. Ya tarar masu yawan waiwaye sun fi isar da ƙwallo ga abokan wasansu, kuma Frank Lampard na Ingila da Xavi na Sifen suna cikin waɗanda suka yi fice a kan haka. Wannan ɗabi'a ce da mai horarwa zai iya dasawa ba tare da sayen kome ba. Misali, ya tsaya a bayan yaro ya ɗaga yatsu, yaron kuma ya faɗi yawansu kafin ya taɓa ƙwallon da aka turo masa.

Na uku shi ne kallon fim da yankewa, kamar yadda aka yi a gwajin badminton. Akan ɗauki hoton mai bugu daga inda mai tsaron gida ke tsayawa, a tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafa za ta taɓa ƙwallo, ɗalibi ya faɗi ɓangaren da zai tafi, sa'an nan a nuna masa amsa. A da sai ɗakin bincike ke iya wannan, yau kuwa wayar hannu ta wadatar.

Horon da ke bukatar hattara

Akwai wani nau'in horo da ake yi wa ido shi kaɗai, nesa da fili, kamar bin ƙwallon da aka rataya da zare, ko taɓa fitilu masu kunnuwa a jikin allo, ko wasannin kwamfuta. A shekarar 2001 Abernethy da Joanne Wood suka gwada irin wannan tsari guda biyu a kan matasa 40 har tsawon mako huɗu. An raba su rukuni huɗu: biyu suka yi horon ido, ɗaya aka ba shi karatu kawai, ɗaya kuma ya yi atisayen wasa zalla. A ƙarshe ba a ga wani fifiko da horon idon ya jawo ba, ko a gani ko a wasa. Mutum yakan ƙware a kan na'urar da ya saba da ita, amma ƙwarewar ba lalle ta bi shi fili ba.

Masu goyon bayan irin wannan horo suna da tasu hujja. Sukan ambaci Sherylle Calder ta Afirka ta Kudu, wadda ta horar da idon 'yan ƙwallon zari-ruga na Ingila da suka ci kofin duniya a 2003, da na ƙasarta da suka ci a 2007. Lalle wannan abin yabo ne. Sai dai cin kofi aikin mutane da yawa ne, kuma nasarar ƙungiya ba ta isa ta nuna rabon da kowane ɓangare ya bayar ba. Haka nan tabarau mai ƙyaftawa, wanda ke toshe gani yana buɗewa: gwajin da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a shekarar 2011 ya nuna yana ɗan ƙara saurin lura da motsi a ɗakin gwaji, amma ɗakin gwaji daban, filin gasa daban. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne, gwargwadon yadda horo ya yi kama da ainihin wasan, gwargwadon yadda ake sa ran ya yi amfani.

Abin da ya rage ga makarantu da hukumomi

Mataki na farko, kuma mafi arha, shi ne gwajin ido. Akwai yaran da ake ɗauka ragwaye ne ko marasa kula a fili, alhali gajeren gani ke damun su, kuma tabarau kaɗai zai raba su da matsalar. Allon gwajin ido da malamin da aka koya wa amfani da shi sun isa a gano yawancinsu, a tura su asibiti. Babu horon da zai maye gurbin wannan.

Mataki na biyu ya shafi masu horarwa. Umurnin da aka saba ji a fili shi ne yaro ya sa ido a kan ƙwallo. Umurnin yana da wurinsa, amma bai cika ba. Ya kamata a gaya wa yaro abin da zai duba, da lokacin da zai dube shi: ƙafar mai bugu ga mai tsaron gida, bakin kwando ga mai jifa, bayan kafaɗa ga ɗan tsakiya. Har ila yau a bar yara su yi wasa da abokan hamayya iri-iri, masu bugu da dama da masu bugu da hagu, domin ido ba ya karanta abin da bai taɓa gani ba.

Mataki na uku na masu riƙe da kasafi ne. Idan aka kawo musu na'urar da aka ce tana gyara idon 'yan wasa, tambaya biyu suka kamata: shin an gwada ta a kan wasan da ake magana, kuma an kwatanta waɗanda suka yi amfani da ita da waɗanda ba su yi ba? Idan babu gamsasshiyar amsa, kuɗin ya fi dacewa da gwajin ido, da ƙarin ƙwallaye, da kwas na masu horarwa. Yaron da ke ganin fili sarai, yana samun ƙwallo kullum, yana kuma da malamin da ya san inda ya kamata a duba, ya sami yawancin abin da binciken shekaru kusan arba'in ya tabbatar da amfaninsa.