Saiwa Ake Dubawa

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare, Allah ya karɓi azuminmu.

Sau da yawa akan dasa zogala ko lalle a tsakar gida ko cikin tukunya, akuya ta cinye ganyen, ko yaro ya karya reshen. Sai a ce: shin wannan zai toho kuwa? Masu shuka sun san saiwa ake dubawa. A ɗan kankare ɓawon da farce. In an ga kore da danshi, akwai rai. Sai a yanke inda ya karye da wuƙa mai kaifi, a kange shi daga dabbobi, a riƙa ba shi ruwa daidai gwargwado. Wanda ya cika masa ruwa don gaggawa, saiwar za ta ruɓe.

Manoman Maradi da Damagaram shaidu ne. Tun shekarun 1980 suka soma barin kututturen gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna rage tohon, suna barin mai ƙarfi. Abin da aka ɗauka matacce ya zama itace mai inuwa.

To, haka zuciyar ɗan Adam take. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya kamanta mumini da ɗanyar shuka wadda iska ke kwantarwa, sannan ta miƙe. A Suratuz Zumar kuma, aya ta 53, Allah ya hana bayinsa masu zunubi yanke ƙauna daga rahamarsa.

Ya kai uba, ɗanka da ya bar salla ya faɗa shaye-shaye, kada ka yi gaggawar yi masa baki ko korarsa daga gida. In har yana jin kunya idan ya yi laifi, in kiran salla yana sa shi sunkuyar da kai, wannan shi ne koren da ke ƙarƙashin ɓawo. Raba shi da miyagun abokai, ka jawo shi kusa da kai. Fara masa da salloli biyar, kada ka ɗora masa komai rana guda, domin aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Ku kuma jama'ar masallaci, in kuka ga irinsa ya shigo sahu a wannan wata, ku matsa masa wuri. Kalma guda ta gori tana iya karya sabon toho, kuma za a tambayi wanda ya faɗe ta ranar ƙiyama.

Kai mai laifi kuwa, ƙofar tuba a buɗe take matuƙar rai bai kai ga maƙogwaro ba. Kada ka jira azumin baɗi, ba ka da tabbacin ganinsa.

Allah ya raya zukatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata.