Ranar Awo, Ranar Gargaɗi



Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Aikin manya shi ne su hana shi takawa. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun bayyana cewa yara fiye da 2,000 ke mutuwa kowace rana a duniya saboda haɗarin hanya, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa, shan guba da makamantansu. Babu allurar da ke maganin waɗannan, sai sani da lura.

Uwar da ke kai jaririnta Babban Asibitin Tungan Magajiya, cikin masarautar Kontagora, ko ɗakin shan magani na ƙauyensu, takan je rigakafi bayan haihuwa, sa'an nan a mako na 6, na 10 da na 14, da wata na 9 da na 15. Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya haɗa kowace allura da gargaɗin da ya dace da girman yaron.

A mako na 14 jariri ya kusa fara juyi, saboda haka kada a bar shi bisa gado shi kaɗai. A wata na 9 yana rarrafe, kome ya samu sai baki. A nisanta shi da murhu, fitila da tukunyar koko. Kananzir, fetur da maganin feshin gona kada a zuba su cikin kwalbar lemo. A kulle su. A wata na 15 ya soma tafiya. A rufe rijiya da randa, a kife bokiti, a tsare shi daga kududdufi da bakin titi.

Idan yaro ya ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi bisa wurin har minti 20. Kada a shafa man goge baki, ƙwai ko toka. Idan ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin kananzir na iya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Magidanta kuma su tambayi matansu abin da aka faɗa a asibiti, domin murfin rijiya da makullin ɗakin ajiya nauyi ne da ke wuyan maigida.

Allah ya raya zuri'a, amin.